Sarki goma, zamani goma: haƙuri ake ba mu ko kashedi ake yi mana?

Baban Ummi, Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na fara da abin da ya jawo ta. Yau kwananmu tara babu wuta a layinmu, taransifoma ta ƙone. 'Yan garuwa sun ƙara kuɗin kura, don mai rijiyar burtsatsen ma da janareta yake janyo ruwan. Jiya bayan isha'i ina zaune a teburin mai shayi, wayata na can shagon caji, ina ta sababi: mai ya yi tsada, wuta babu, kuɗin keke daga Wunti zuwa Yelwa ya fi ƙarfin mai albashi. Akwai wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya, yana gefe yana juya shayinsa da cokali. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, sarki goma, zamani goma." Ya ci gaba da kurɓar abinsa. Na yi shiru don girmansa, amma maganar ta tsaya mini a maƙoshi har na kwanta. Cewa yake in yi haƙuri, wannan ma zai wuce? Ko kuwa cewa yake in rufe bakina?

Malam Na-Jahun:
Wa alaikumus salam, Baban Ummi. Allah ya kawo muku wuta. Na koyar da Hausa shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma a iya sanina wannan karin magana ba ta rarrashi ba ce. Ka fara duba kalmar zamani. Idan bafade ya ce "Allah ya ja zamanin sarki", ba ƙarni yake nufi ba, mulkin sarkin yake roƙo ya yi tsawo. Iyayenmu ba da lamba suke ƙidayar shekaru ba. Tsoho zai ce maka an haife shi zamanin Yakubu na biyu, ya yi aure zamanin Adamu Jumba. To ma'anar ita ce kowane sarki da irin nasa salon. Wanda ya saba zama kusa da karaga jiya, kada ya ɗauka shimfiɗarsa na nan tana jiransa yau. Magana ce ta fada, kuma kashedi ce: kiɗa ya canza, ka canza rawa. Goma ɗin kuwa yawa kawai take nunawa, kamar yadda muke cewa goma ta arziki.

Goggo Jekadafari:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ni ba a fada na koye ta ba, a tsakar gida na koye ta. Ranar da aka canza mana shugabar makaranta aka kawo wata mai zafin rai, wadda ta fara tsayawa bakin ƙofa da littafin sa hannu tun ƙarfe bakwai da rabi, na dawo gida ina kuka. Innata tana tankaɗe, ta ce, "Ke dai yi aikinki, sarki goma zamani goma." Wallahi rarrashi na ji a bakinta, ban ji kashedi ba. Kuma shekara biyu aka ɗauke matar. Don haka kada a raba mata da karin maganarsu a kai wa fadawa.

Malam Na-Jahun:
Goggo, ai ba mu saɓa sosai ba. Inna ba ta ce ki zauna ki jira a ɗauke ta ba, cewa ta yi ki yi aikinki. Ƙarfe nawa kika riƙa zuwa bayan nan?

Goggo Jekadafari:
Bakwai da kwata. Kai Malam, ka cika bin diddigi!

Ɗan Bajoga:
Ku gafarce ni iyayena, ni dai na gaji da jin wannan magana. Duk ranar da talaka ya buɗe baki sai a toshe masa da karin magana. Sarki goma ne na yarda, amma zamanin talaka ɗaya ne. A farkon 2023 na kwana a layin banki don in ciri kuɗina na kaina, daga ƙarshe na koma wajen mai POS na sayi naira da naira. Ba a gama wannan ba, ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 kafin mako ya zagayo, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Oktoban 2024 kuma Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, masu ƙanƙara da masu walda suka zauna zaman makoki. Wane zamani ne ya canza a nan? Hoton da ke bangon ofis kawai ake saukewa a rataya wani.

Kawu Tirwun:
Ɗana na Bajoga, zafinka na gaskiya ne, amma ka yi wa tarihi gajeren awo. Bari in ba ku wani abu da na lura da shi, ku ƙirga da kanku. A Bauchi: Yakubu, Ibrahim, Usman, Umaru, Mu'allayidi, Hassan, Yakubu na biyu, Yakubu na uku, Adamu Jumba, Sulaiman Adamu. Goma cif. Mai martaba Rilwanu Sulaiman Adamu da ya hau a 2010 shi ne na goma sha ɗaya. Ku je Gombe, tun daga Buba Yero, mai martaba Abubakar Shehu Abubakar da ya hau a 2014 shi ma na goma sha ɗaya ne. Wato mu nan mun riga mun ga sarki goma da idon tarihi, ba sai an yi mana misali ba.

To zamaninsu ɗaya ne? Yakubu ya karɓi tuta wajen Shehu Usmanu, ya kafa garin nan a 1809, ya zagaye shi da ganuwa, ga sunayen ƙofofin nan har yau muna hawa keke muna faɗa: Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Wambai. Ya yi kusan shekara arba'in yana mulki, ya rasu a 1845. Ɗansa Ibrahim ya gaji gari kafaffe amma bai gaji kwanciyar hankali ba, Ningawa suka hana shi sakat, har ya je ya zauna a Rauta. Umaru kuwa yana kan karaga Turawa suka shigo a 1902 suka tuɓe shi. Uba ya gina, ɗa ya yi ta tsaro, na huɗu ya ga abin da ba a taɓa gani ba. Idan wannan ba zamani daban-daban ba ne, to ban san me ake kira zamani ba.

Ɗan Bajoga:
Kawu, ai tarihin sarakuna ka ba ni, ba na talakawa ba. Burmi tana nan kusa da mu. A 1903 nan Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da ɗimbin jama'ar da suka biyo shi hijira. Sunansa ne a littafi. Manomin da ya bar gonarsa ya bi shi fa, wa ya san sunansa? Kafin Turawa ya biya haraji, bayan Turawa ya biya haraji, Bafulatani ya biya jangali. Kuma Fulanin da suka kafa masarautun nan duka, Yakubu da Buba Yero...

Kawu Tirwun:
Tsaya nan. Buba Yero Bafulatani ne, amma Yakubu daga Gerawa ya fito, almajirin Shehu ne da ya yi karatu a gabansa. Wannan kowane ɗan Bauchi ya san shi, kada ka bari 'yan Tirwun su ji ka. Sauran maganarka kuwa ina saurare.

Ɗan Bajoga:
Na karɓi gyara, Kawu. Amma harajin dai an biya.

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Ni abin da ke ba ni dariya, karin maganar ta juye da ƙafa sama. Da sarki goma zamani goma ne, yanzu sarki goma zamani ɗaya. A jihar Gombe kaɗai ga Dukku, ga Funakaye, ga Nafada, ga Deba, ga Akko, ga Pindiga, ban da Mai Tangale da Mai Kaltungo da suke da nasu tun asali. Bauchi mun taso mun san guda shida: Bauchi, Katagum, Misau, Jama'are, Ningi da Dass, sai ga shi a 2025 an ƙaro wasu sababbi. Kano kuma ba a magana: an tuɓe Sanusi a Maris na 2020, an mayar da shi a Mayun 2024, Aminu Ado ya koma gidan Nasarawa ya zauna. Wanda ya ƙirƙiri karin maganar nan da zai dawo sai ya nemi wata.

Malam Na-Jahun:
Maman Khalifa, a bar Kano wa Kanawa, kada mu jawo wa kanmu faɗan da ba namu ba. Amma kin taɓo inda ƙaiƙayin yake. Lokacin da aka yi maganar nan, sarki shi ne zamani da gaske. Alƙali nasa ne, dogari da ɗan doka nasa ne, gidan yari nasa ne, ƙasa a hannunsa take. In ya yi adalci gari ya ji, in ya yi zalunci gari ya ji. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi. A 1978 dokar ƙasa ta damƙa filaye a hannun gwamna. Yau gwamna ke ba sarki sanda. Saboda haka idan dattijo ya ce sarki a teburin mai shayi, ba lallai mai rawani yake nufi ba. Duk wanda hukuncinsa ke isa tukunyarka, shi ne sarkin da ake magana.

Goggo Jekadafari:
To in haka ne sarkina mai awo ne a babbar kasuwa, don shi ke yanke mini hukunci kullum da bakin mudu.

Tsohon Akawu, Yelwa:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ku lura da yadda mu 'yan boko muke ba zamani suna. Ba mu cewa zamanin sarki wane. Muna cewa lokacin Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas a tsakiyar shekarun 1970, kowa ya sayi babur da rediyo. Muna cewa lokacin Osteriti na Shagari, lokacin SAP na Babangida, lokacin korona, lokacin canjin kuɗi. In ban da Udoji, duk da sunan wahala muke kiransu. Kuma ga abin da zai rikita muku lissafi: canjin kuɗi sau biyu na gan shi a hannun mutum ɗaya. A 1984 Buhari yana soja aka canza launin naira, na tsaya layi ina saurayi da takardun kuɗi a cikin hula. A ƙarshen 2022 yana farar hula aka sake, a 2023 na tsaya layi da sanda da ciwon gwiwa. Sarki ɗaya, zamani biyu, layi ɗaya. Malam, wannan a wane babi za ka sa shi?

Malam Na-Jahun:
Wannan kam ya fi ƙarfin allona, Alhaji.

Ɗan Bajoga:
Alhaji ya gama mini aiki. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Kawu Tirwun:
Bai gama maka ba. Ka manta ya ce ya sayi babur da kuɗin Udoji, wato ya taɓa ganin zamanin da ya yi daɗi. Matsalata da maganarka, ɗana, ita ce in ka yarda duk ɗaya ne, to ranar zaɓe barci za ka yi, ko ka karɓi taliya da sabulu ka ce ai ba bambanci. Su Tafawa Balewa ba su ce duk ɗaya ne ba. A 1950 ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a gyara mulkin En'e, a lokacin da faɗin haka a gaban sarakuna ba wasa ba ne. Su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano a garin nan suka fara taron tattaunawa tun shekarun 1940. Mutanen da suka san zamani na canzawa ne, shi ya sa suka tura shi da hannu. Da sarki sai mutuwa ko tuɓewa, yanzu shekara huɗu ce. Wanda ke da ƙuri'a bai kamata ya yi amfani da karin maganar nan kamar wanda ba shi da ita ba.

Ɗan Bajoga:
Kawu, na yi zaɓe sau huɗu, yatsana ya sha tawada. Ban ce zan daina ba. Cewa na yi a daina ba ni karin magana a madadin wuta.

Maman Khalifa, Tudun Wada:
Baban Ummi ya tayar da ƙura ya ɓace. Ko cajin ne ya ƙare?

Baban Ummi, Wunti:
Cajin ne wallahi, Maman Khalifa, yanzu na karɓo wayar. Na gode muku duka. Da asuba bayan an sallame na bi dattijon nan har ƙofar masallaci, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, maganar da ka yi mini jiya, shugaban ƙasa kake nufi ko gwamna?" Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. Ya ce shi ina ruwansa da su. Ashe kwamitin unguwa yake nufi. Tsohon shugaban kwamitin, Allah ya ji ƙansa, in taransifoma ta lalace da kansa yake zuwa ofishin masu wuta ya zauna a benci har sai an biyo shi, wani lokaci ma ya cika kuɗin daga aljihunsa. Wanda aka naɗa bana kuwa ya ce ba zai taka ko'ina ba sai kowane gida ya kawo nasa a rubuce. Baba ya ce, "Kai kana nan kana zagin Abuja, mutumin nan yana jiran dubu biyunka tun ranar Talata."

Na duba littafin da rana. Gida goma sha bakwai ba su biya ba, har da nawa.

Goggo Jekadafari:
Malam, kada ka ce komai.

Malam Na-Jahun:
Ban ce ba, Goggo. Baban Ummi, a kai kuɗin kafin la'asar.