Muhawara: watan farko ne ke faɗa wa baƙo gaskiyar Landan?

Sabon zuwa: Assalamu alaikum. Ni ra'ayina shi ne, abin da mutum ya gani a watansa na farko shi ne gaskiyar gari, daga baya sabo ne kawai ke rufe masa ido. A Disamba na sauka filin jirgin saman Heathrow, aikin kula da tsofaffi ya kawo ni. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa maƙil da jama'a, amma ko sannu babu mai ce maka. Garin nan na aiki ne, ba na zaman mutane ba.

Malamar jinya: Wa alaikumus salam, ƙanena, sannu da zuwa. Ban yarda da kai ba ko kaɗan. Ka zo a tsakiyar hunturu, ka ga fuska ɗaya ta garin. Bari Yuni ya zo, sai bayan tara na dare za ka yi Magariba. Shirun cikin jirgi kuma ba ƙiyayya ba ce, haka suke ko a junansu. Ka je Juma'a babban masallacin unguwar Whitechapel ka ga yadda ake cika, ka leƙa unguwar Peckham ka sayo doya da manja da attaruhu, sannan ka dawo mu yi magana.

Direban bas: Hajiya, ki yi haƙuri, a maganar kuɗi ina bayan yaron nan. Abin da ya gani ba zai canza da bazara ba. Kafin a ba ka mabuɗin gidan haya sai ka ajiye kuɗin jingina, wanda doka ta yarda ya kai na hayar mako 5, ga hayar wata a gaba. Albashi kuwa kafin ya iso hannunka an cire haraji da kuɗin inshorar ƙasa, ga harajin ƙaramar hukuma yana jiranka. Can gida kuma lissafin fam da naira suke yi, ba su san ɗaki ɗaya na iya cinye rabin abin da ka samu ba. Wallahi wannan ya fi sanyi ciwo.

Malamar jinya: Malam, tsada gaskiya ce, ban musa ba. Amma ai ba ita ya kawo ba, cewa ya yi garin ba na mutane ba ne.

Dattijo: Ku dakata, 'ya'yana. Akwai abin da kuka tsallake. Hajiya, ke ma'aikaciyar jinya ce, dokarki daban. Shi kuwa tun 11 ga Maris 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana sababbin masu bizar kula da tsofaffi zuwa da mata da 'ya'ya. Bizarsa kuma a ɗaure take da kamfanin da ya ɗauke shi. Idan aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba shi ya nemi wani ko ya bar ƙasar. Mutumin da ke cikin wannan hali, kaɗaicinsa ba ruɗin baƙunta ba ne. Ni tausayinsa nake ji.

Sabon zuwa: Baba, ka taɓo inda ke min ciwo. Iyalina na Kano, ta waya nake ganin ɗana.

Malamar jinya: Allah Ya haɗa ku da alheri. To amma ka ga, dokar biza ce ta raba ka da iyali, kada ka ɗora wa maƙwabcinka. Wanda yake wuce ka ba sallama, in ka faɗi a hanya zai iya zama shi zai kira motar asibiti. Na gani da idona a wurin aiki.

Direban bas: Shi ya kira motar asibiti, amma in kana kwance wata guda, wa zai zo dubiya?

Malamar jinya: Mu za mu zo, Malam. Ƙanena, wace unguwa kake?