Me za mu kira mai buga gem da Hausa? Ga inda na tsaya

'Yan'uwa, salama a gare ku. Mu da muke buga wasannin bidiyo kuma muke bin Almasihu mun yi shawarar haɗa hannu mu riƙa rubuta maƙaloli a kan waɗannan wasanni, kowa ya kawo abin da ya sani, wani ya gyara na wani. Muna so iyaye su san abin da ke hannun 'ya'yansu, matasa kuma su sami masu yi musu maganar wasa ba tare da an ajiye bangaskiya a gefe ba. To amma tun a layin farko aka tsaya cak. Me za mu kira kanmu? Turawa suna da kalma guda, "gamer", wadda in ta shiga bakin Bahaushe za ta fito "gema". Mu fa? An kawo shawarwari da dama, bari in bi su.

Baba, kai da ka ce mu yi amfani da "ɗan wasa" tunda Hausa ce tsantsa, na gode, kuma na fahimci dalilinka. Matsalar ita ce sunan yana da masu shi. Ka ce wa mutum wane ɗan wasa ne, ƙwallon ƙafa zai fara zuwa masa a rai, in ba haka ba wasan kwaikwayo. In muka tsawaita muka ce "ɗan wasan bidiyo", wani zai zaci mai fitowa a fim ake nufi. "Ɗan wasan kwamfuta" kuwa ya bar mafi yawan jama'a a waje, domin masu bugawa a waya sun fi masu bugawa a kwamfuta yawa, ga kuma masu PlayStation da Xbox da Nintendo. Amma ba jefar da kalmar za mu yi ba. A cikin maƙala za mu buƙace ta kullum: 'yan wasa ɗari ne ke sauka a tsibiri a kowane zagaye na wasan PUBG, 'yan wasa biyu ne ke fuskantar juna a wasan ƙwallo. Ɗan wasa shi ne wanda ke cikin fage a wannan lokacin. Wanda muke nema wa suna shi ne mutumin da abin ya zama masa ɗabi'a, ya san tarihinsa, yana da abokai ta dalilinsa, ko yana riƙe da na'urar yanzu ko ba ya riƙe.

An gwada hanyar "ma", irin ta mawaƙi da marubuci da makaɗi. Ba ta ɓulle ba. Daga "wasa" sai a sami "mawashi", wanda kunne zai kai shi ga wasa wuƙa. Daga "buga" sai a sami "mabugi", kuma ba wanda zai ji wannan ya tuna da gem.

"Gema" ta fi ƙarfin a wuce ta da sauri, domin tana bin tsohuwar hanya. Haka muka sami direba, lauya, kafinta, manaja, tela, fasinja. Jam'inta ma a shirye yake: kamar direbobi da lauyoyi, sai a ce gemomi. Abu biyu ne suka hana ni karɓarta. Na farko, ba ta bambanta mace da namiji, alhali a cikinmu akwai 'yan mata da matan aure masu bugawa, kuma muna so harshe ya nuna suna nan. Na biyu, waɗancan kalmomi sun zauna ne saboda bakin jama'a ya daɗe yana tauna su. "Gema" ba ta sami wannan ba tukuna, wanda bai ji Turanci ba zai iya zaton maganar gemu ake yi. Abin da bakin jama'a ya riga ya karɓa shi ne "gem". Yaro yana cewa zan buga gem, uwa tana cewa ajiye gem ɗin nan ka zo ka yi karatu. Tunda tushen ya kafu, a kansa ya kamata mu yi gini.

Don haka na tsaya a kan "ɗan gem". Mace 'yar gem, jama'a 'yan gem. Ba ma buƙatar ƙirƙiro komai, tsarin yana nan: "fim" baƙuwar kalma ce, ta shigo, aka ɗora mata "ɗan", yau ba mai tambayar ma'anar 'yan fim.

Mama, damuwarki ce ta fi tsaya mini a rai, kuma ba zan raina ta ba. Kin ce da kin ji "ɗan gem" sai ki tuna da ɗan daba, ɗan ƙwaya, ɗan caca, kuma ba kya so a liƙa wa ɗanki suna daga wannan layi. Gaskiya ne "ɗan" yana ɗaukar munanan sunaye. Amma shi ne kuma yake ɗaukar ɗan jarida, ɗan kasuwa, ɗan sanda, har da ɗan'uwa da muke kiran juna da shi. "Ɗan" ba ya yabo, ba ya zagi, yana faɗin inda mutum ya dangana ne kawai. Darajar sunan tana fitowa daga halin masu ɗauke da shi. In 'yan gem da kika sani masu gaskiya ne, masu cika alkawari, waɗanda ba sa zagin abokin karawa in an cinye su, sunan zai yi kyau a kunnenki.

Maganar caca kuwa tana buƙatar mu ɗan zauna a kanta, domin a nan Hausa ta fi Turanci sa'a. A Turanci kalmar da ake kiran buga gem da ita, wato "gaming", ita ce kuma masana'antar caca take kiran kanta da ita. Hukumar da ke kula da gidajen caca a jihar Nevada ta Amurka da wannan kalmar aka raɗa mata suna, haka ma ake kiran takwararta ta ƙasar Beljiyam da Turanci. Mu kuwa muna da "caca" daban, muna da "gem" daban, kuma ya kamata mu riƙe wannan bambanci da hannu biyu. Wanda ya gina gari a Minecraft ko ya jera tubala a Tetris bai yi caca ba. Sai dai kada mu yi kamar babu inda suka haɗu. Kamfanin Nintendo kansa da buga katin wasa ya fara a birnin Kiyoto a 1889, tun kafin a yi mafarkin wasan bidiyo. A yau kuma akwai wasanni da yawa da ke sayar da akwati a rufe: ka biya kuɗi na gaske, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe, wataƙila ka dace, wataƙila ka yi asara. A 2018 hukumar Beljiyam ta yanke cewa irin wannan akwati a wasu wasanni caca ce a ƙarƙashin dokar ƙasar. Idan muna da kalmomi biyu masu tsabta, za mu iya rubuta wa uba cewa wannan gem ɗin ba shi da laifi amma akwai caca a cikinsa, ya fahimta nan take. Da kalma ɗaya ba za a iya faɗin haka ba.

Sai abin da ya fi muhimmanci a wurina: yaya za mu haɗa "ɗan gem" da "Kirista"? Turanci yana jera su ya wuce, ya bar mai karatu ya zaɓi ma'ana. Hausa ba ta yarda da haka, sai ka fito fili. In ka ce "ɗan gem ɗin Kirista", kana nufin mai buga wasannin da aka yi su musamman don Kirista. Irin waɗannan suna nan. A farkon shekarun 1990 kamfanin Wisdom Tree ya fitar da Bible Adventures a kan na'urar Nintendo, inda ake tara wa Nuhu dabbobi, ake ɗaukar jariri Musa, ake bin Dawuda har zuwa Goliyat. A 2016 Ryan da Amy Green suka fitar da That Dragon, Cancer a kan jinyar ɗansu Joel da ciwon daji ya ɗauke, wasa ne cike da addu'a da tambayoyin da mai bi yake yi wa Allah a cikin baƙin ciki. Za mu yi rubutu a kansu. Amma yawancinmu ba su muke bugawa kullum ba. Muna buga abin da kowa ke bugawa: ƙwallo, tsere, yaƙi, gini. Abin da ya bambanta mu ba wasan ba ne, mai riƙe da na'urar ne.

Shi ya sa nake roƙo mu ce "Kirista ɗan gem", "Kirista 'yar gem", "Kiristoci 'yan gem". Kirista a gaba, gem a baya. A jimlar Hausa abin da ya zo farko shi ne mutumin, na biyu bayani ne a kansa, kamar yadda ake cewa malami ɗan kasuwa. Mu mabiya Yesu ne waɗanda suke buga gem, ba 'yan gem ba ne da aka yafa musu addini daga baya. Carlo Acutis ya zo mini a rai a nan, saurayin Italiya da aka haifa a 1991 ya rasu a 2006 yana ɗan shekara 15. Yana son wasan bidiyo, an kuma ruwaito cewa ya ƙayyade wa kansa awa ɗaya a mako. Cocin Katolika ta ayyana shi waliyyi a ranar 7 ga Satumba 2025. A cikinmu akwai 'yan ɗariƙu daban-daban, ba kowa ne zai ɗauki maganar waliyyai yadda Katolika suke ɗaukarta ba, amma kowa zai gane tsarin rayuwar yaron: ya san wanne ne gaba, wanne ne baya.

Ga ɗan'uwan da ya ce bai dace mu ɗauki sunan da aka tsinto a bakin titi mu jingina shi da sunan Kirista ba: ɗan'uwa, duba Ayyukan Manzanni 11:26. A Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista. Sunan da mutanen gari suka san su da shi ne, ikilisiya ta karɓe shi ta rayu a cikinsa, har Bitrus ya ce wanda ya sha wuya saboda wannan suna kada ya ji kunya. Ita kanta kalmar aro ce a Hausa, daga Helenanci ta faro. Wasa ma ba baƙo ba ne a Littafi Mai Tsarki. Da annabi Zakariya yake kwatanta Urushalima da Allah ya maido, a sura 8 aya 5, abin da ya gani shi ne tituna cike da yara maza da mata suna wasa.

Wani abu kuma da nake so mu kiyaye: kada "ɗan gem" ya zama sunan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar buga gem fiye da kima a jerin cututtukanta, aka amince da jerin a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Ba yawan awoyi kaɗai take dubawa ba. Tana duba ko mutum ya kasa tsayar da kansa, ko gem ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, ko yana ci gaba duk da ɓarnar da yake gani, kuma yawanci sai abin ya kai wata 12. Wannan yana buƙatar nasa sunan. A hira akan ce "mayen gem", amma a rubutu ba na son mu kira ɗan'uwa maye. "Jarabar gem" ta fi dacewa, domin tana nuna abin a matsayin nauyin da ya hau mutum, ba shi kansa mutumin ba, kuma mai bi ya san jaraba abu ce da ake yaƙa, ana kuma taimakon juna a kanta. Bulus ya faɗa a 1 Korintiyawa 6:12 cewa ko abu halal ne, ba zai bari ya mallake shi ba. Wannan aya za ta yi ta dawowa a maƙalolinmu.

Sauran ƙananan abubuwa. Rubutun "gem" ne, ko da wasu bakuna suna karkata zuwa "gyam". Kalmar namiji ce: gem ɗin nan, sabon gem. Aikatau "buga". Jam'i kuwa, tsarin bam da bama-bamai, kwas da kwasa-kwasai, yana ba mu "gema-gemai", amma har kunne ya saba da shi ni "wasannin gem" zan riƙa rubutawa. A farkon kowace maƙala, saboda dattawan da ba su saba ba, a ce "wasan bidiyo, wato gem" sau ɗaya, sannan a ci gaba da gem.

Wanda yake da hujjar da ta fi waɗannan ya kawo ta kafin mu fara rubutu, domin sauya suna bayan maƙaloli sun taru wahala ce. In babu, kalma ta gaba da ke jiranmu ita ce ta akwatin nan da ake saya a rufe. An ce "akwatin sa'a", an ce "akwatin ganima". Ni ina ganin duka biyun sun yi masa kwalliyar da bai cancanta ba, "akwatin caca" nake so mu kira shi, amma ina jiran ra'ayin masu buga wasannin da yake ciki.