Waɗanda suka yi ECOMOG: yaya yaƙi yake idan na gefenka sojan wata ƙasa ne?

Ɗan tsohon soja:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi Laberiya a 1992 a cikin ECOMOG, rundunar da ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS) suka tura lokacin yaƙin basasar ƙasar, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin ba. Abin da ya bar mana farar hular kwano ce, sai wani hoto da ya ɗauka da wani sojan Gini, sun dafa kafaɗar juna. Yanzu ana ta maganar Afirka ta tsare kanta da kanta, ga kuma ƙawancen da Mali da Burkina Faso da Nijar suka ƙulla a Satumban 2023, cewa wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Shi ne nake so in ji daga bakin waɗanda suka riƙe bindiga a rundunar haɗin gwiwa. Me kuka gani da idonku?

Samanja mai ritaya:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Kada ka ga laifinsa da ya yi shiru, akwai abin da baki ba ya iya ɗauka.

Ina cikin rukunin farko. A Freetown, babban birnin Saliyo, aka tara mu, muka shiga jiragen ruwa, muka sauka tashar jiragen ruwa ta Monrobiya, babban birnin Laberiya, ranar 24 ga Agustan 1990. Ƙasashe biyar ne: Najeriya, Ghana, Gini, Saliyo da Gambiya, kwamandanmu kuma Janar Arnold Quainoo na Ghana. An ce mana sa ido kan tsagaita wuta za mu je yi. Ko igiyar jirgi ba a gama ɗaurewa ba mutanen madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka fara yi mana ruwan wuta, domin shi tun farko bai amince da zuwanmu ba.

Abin da ba na mantawa shi ne jiragen yaƙin Amurka da ke can cikin teku. Sun zo sun kwashe mutanensu da wasu baƙi, ba su shiga tsakani ba. A farkon watan nan Iraƙi ta mamaye Kuwaiti, hankalin duniya duk ya koma can. Alhali makonni kaɗan kafin mu iso an kashe ɗaruruwan mutanen da suka fake a cocin St Peter da ke Monrobiya. Ranar na gane in ba mu muka zo ba, babu mai zuwa.

To amma zuwa daban, iya aiki tare daban. Oba-obar da ke hannunmu ba ta kama ta 'yan Gini. Ko ta kama, su Faransanci suke yi. Wani dare suna hagu da mu, muka ji harbi daga wajensu, ba mu san ko abokan gaba ne suka kutso ko su ne ke harbin inuwa ba. Wani ƙaramin sojanmu Bafulatani ya ce, “Oga, bari in gwada.” Ya ja ciki har kusa da raminsu ya ɗaga murya da Fulatanci. Can sai aka amsa masa. Fulatancinsu ya sha bamban da nasa, amma sun fahimci juna. Tun daga daren nan shi ne rediyonmu. Su kuwa 'yan Ghana, da yawansu Hausa muke yi da su a shingen bincike, musamman yaran zango.

Babbar matsalar ba ta harshe ba ce. Sai a ba da umarni daga hedikwata, kwamandan wata bataliya ya ce sai ya ji daga gida tukuna. Kowa da shugaban ƙasarsa a bayansa, kowa da iyakar da aka shata masa. Ranar 9 ga Satumba shugaban Laberiya Samuel Doe ya zo hedikwatarmu a tashar, mutanen wani madugun 'yan tawaye, Prince Johnson, suka kama shi a nan, suka tafi da shi, suka kashe shi. Ni ina wani shinge lokacin, na ji harbin, ba a ce mana mu motsa ba. Kunyar wannan rana har gobe tana damuna. Bayan nan ne Janar Joshua Dogonyaro ya karɓi ragamar fagen daga, muka fara kora maimakon jiran a kore mu.

Tsohon kofur:
Ranka ya daɗe Samanja, ka tuna min. Ni na tarar da harin Octopus, wanda Taylor ya kawo wa Monrobiya a tsakiyar Oktoban 1992. Yara ne suke fitowa daga fadama, wasu bindigar ta fi su tsawo. Kwana da kwanaki ban cire takalmi ba, da na cire fatar ƙafata ta biyo safa. Jiragen Alpha Jet da igwar jiragen ruwa ne suka sassauta mana.

Abin da ya fi yi min ciwo tafiyar 'yan Senegal. Sojoji ne na gaske, masu horo. An kashe musu mutum shida a garin Vahun na Laberiya a 1992, farkon 1993 gwamnatinsu ta janye su. Wurin da suke riƙewa sai aka raba mana, ga shi dama ba mu isa ba. Lokacin na yi fushi. Yanzu da na tsufa ina cewa uwa ce ta haifi kowannensu, kuma shugabansu shi zai fuskanci iyayen. Amma fa mu ma iyaye ne suka haife mu.

Tsohon sojan Nijar:
Salamu alaikum manyana. Ni ba Laberiya na yi ba, Gini Bisau na yi a farkon 1999, bayan da Janar Ansumane Mané ya tayar wa Shugaba Nino Vieira. Mu da Benin da Togo da Gambiya ne, ba Najeriya a ciki, kuma mun ji rashinta a jikinmu. 'Yan ɗaruruwa ne mu. Jirgin ruwan Faransa ne ya kai mu, kayan aikinmu da yawa daga hannunsu suka fito. Tutar da ke kafaɗata ta Afirka ta Yamma ce, amma man da ke cikin motata wani ne ya zuba. A watan Mayu aka hamɓarar da Vieira muna cikin garin, ba mu da ƙarfin hanawa, ba da jimawa ba aka kwashe mu.

Shi ya sa idan na ji matasa na cewa mu tsare nahiyarmu da kanmu, zuciyata tana tare da su ɗari bisa ɗari. Sai dai ina tambayarsu: jirgin wa zai ɗauke ku? Wa zai kwashe wanda aka harba? Mai ba ka abin hawa shi ke faɗa maka ranar tafiya da ranar dawowa.

Tsohon kofur:
Gaskiya ka faɗa ɗan'uwa. Kuma kada a manta, muna yaƙi a Monrobiya, makaman da ake harbinmu da su ta Burkina Faso da Kodebuwa suke bi. Dukansu a lokacin 'yan ƙungiya ɗaya ne da mu, wato ECOWAS.

Matar saje:
Ku gafarce ni iyayen gida, ban riƙe bindiga ba, amma ni ma na yi wannan yaƙi. Maigidana yana Freetown ranar 6 ga Janairun 1999 da 'yan tawaye suka shiga garin. A bariki kowace mace rediyo na manne da kunnenta. In aka ga mota ta tsaya ƙofar wata da daddare, ba mai iya barci a layin. Wata uku ban ji ɗuriyarsa ba, sai wata wasiƙa da ta zo ta hannun wani da aka dawo da shi da rauni, an naɗe ta a leda, gumi ya cinye rabin rubutun. Maƙwabciyata kuwa kayan mijinta kawai aka kawo mata, ta shekara tana zarya kan haƙƙinsa da goyo a bayanta. Idan shugabanni za su sa hannu kan yarjejeniyar tsaron juna, don Allah su rubuta har da abin da za a yi wa irinta.

Ma'aikacin jinya na soja:
Hajiya, Allah ya saka muku. Ina Saliyo tun da aka kori shugaban mulkin soja Johnny Paul Koroma a Fabrairun 1998, na ga dawowar Shugaba Tejan Kabbah a watan Maris, mutane suna rawa suna rungumar mu. Na kuma ga Janairun da kike faɗa. An kawo min yarinya 'yar kimanin shekara bakwai an datse mata hannu, uwarta ta ɗaure dungulmin da ɗankwali. Jini ya ƙare mana. Wani sojan Gini da ya kawo abokinsa ya ga abin da ake ciki, bai ce komai ba, ya naɗe hannun rigarsa ya miƙo min. Ta rayu.

Zan kuma faɗi ɗaya ɓangaren, domin ranar gobe za a tambaye ni. Akwai namu da suka ɗebi kayan mutane. Akwai waɗanda aka harbe a shinge kan zargi kawai, ba bincike. Idan ka shiga ƙasar wani da sunan taimako, ka kuma ga ba mai tuhumarka, Shaiɗan yana kusa. Rundunar haɗin gwiwa tana buƙatar wanda zai hukunta soja ko daga wace ƙasa ya fito, mu kuwa kowa sai dai a mayar da shi gida.

Malamin tarihi:
Ƙarin bayani kaɗan ga ɗanmu. Tun 1981 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a Freetown kan yarjejeniyar taimakon juna ta fuskar tsaro, har da tanadin rundunar da kowa zai ware wa dakaru. Ba a kafa ta ba, shi ya sa a 1990 aka yi haɗa-haɗar gaggawa a taron Banjul. Sai a Disambar 1999 aka tsara sabuwar hanya a Lome, bayan an sha wuya.

Samanja mai ritaya:
Malam, shekara tara takarda na kwance, mu muka biya da jininmu. Duk da haka in aka mayar da ni 1990 zan sake shiga jirgin nan, domin na ga matan da suka fito daga ɓuya suna kuka da suka hango farar hula.

Ɗana, ka duba cikin hular mahaifinka ko bayan hoton. Yawancinmu muna rubuta lambar bataliya, NIBATT kaza. Ka turo min ita. Akwai mutum biyu 'yan 1992 da muke haɗuwa wajen tantance 'yan fansho, ɗayansu ya zauna da 'yan Gini wata shida. Zan nuna masa hoton.