Kutse, Sata ko Ɓaraka? Ina Neman Hausar "Data Breach"

1. Jama'a, a taya ni neman kalma. Shekaranjiya maƙwabciyata a nan Amurka ta kawo min wasiƙa daga kamfanin da ke turo wa mahaifinta mai jinya har gida. Shafi uku, duk a kan "data breach", wato bayanan sirrin mutum su faɗa hannun wanda bai kamata ba. Baba yana kan keken guragu, ya ɗago kai ya ce, "Ɗan nan, faɗa min da Hausa, me suka ce ya same ni?" Na buɗe baki, kalma ta ƙi zuwa.

2. Da farko na ce masa an yi satar bayanai. Ya ce, "To su biyo sawu su karɓo mana." Nan na gane na yi kuskure. Abin da aka sace yakan bar wurinsa. Wannan kuwa kwafa aka yi: sunansa, ranar haihuwa, lambarsa ta Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa), magungunan da yake sha, duk suna nan a kwamfutar kamfanin, suna kuma hannun wani. Babu abin karɓowa.

3. Da na fara tambayarku, da yawanku kun ce kutse, tunda ita muke ji a labarai. Wani Malam daga cikinku da ya dage a kanta, Allah ya ƙara sani, amma ban gamsu ba. Dokar sirrin marasa lafiya ta HIPAA, wadda aka kafa a 1996, ba ta tsaya kan masu kutse ba. Ma'aikaciya ta manta kwamfutar da ba a kulle bayananta ba a mota aka ɗauke, ko a aika takardar wani a ambulan ɗin wani, ko mai jinya ya leƙa fayil ɗin da ba ruwansa da shi, duk suna iya zama "data breach" a idon dokar. Ina kutse a nan?

4. Kuma kutse tana ɗauke ido daga mai riƙon amana ta mai da shi kan ɓarawon da ba wanda zai gani. Kamfanoni za su so wannan kalmar ƙwarai.

5. Wata Hajiya ta kawo yoyon bayanai. Ta yi daɗin faɗa, sai dai yoyo ɗis-ɗis ne. A Fabrairun 2024 da masu kutse suka shiga Change Healthcare, kamfanin da ke sarrafa takardun biyan kuɗin jinya, bayanan mutum kimanin miliyan 190 abin ya shafa. Wannan ya wuce yoyo. Shugaban uwar kamfanin da bakinsa ya faɗa wa majalisar dokokin Amurka cewa ƙofar da aka bi ba ta da matakin tantancewa na biyu bayan kalmar sirri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

6. Shi ya sa na tsaya kan ɓarakar bayanai. Ɓaraka a jikin riga take, ko wani ya finciko ko zare ne ya tsinke don kansa, mai rigar ne zai ɗinke. Haka dokar ta tsara. Tun daga 2009 wajibi ne kamfani ya sanar da wanda abin ya shafa cikin kwana 60 daga ranar da ya gano. In mutanen sun kai 500, ma'aikatar lafiya ta tarayya ma sai ta ji cikin wannan wa'adi. Wasiƙar Baba ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne. Yana da kwana 180 daga ranar da ya sani ya kai koke ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar. HIPAA dai ba ta ba shi damar kai ƙara kotu da kansa ba, lauyoyi sukan bi ta dokokin jiha.

7. Abin da ke biyo bayan ɓaraka bai ba ni wahala ba: sojan gona. Wani ya ci bashi da sunan Baba, ko ya cajo Medicare, inshorar lafiyar da gwamnati ke yi wa tsofaffi, kuɗin kayan jinyar da Baba bai taɓa gani ba. Tsoho mai shekara 84 ba ya neman rance, don haka sai a shekara bai duba kundin bashinsa ba.

8. Maganin da muka yi a daren nan na kira shi garƙame kundin bashi ("credit freeze"), don kada wani ya ci sabon bashi da sunansa, a Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kowanne daban. Kyauta ne tun Satumban 2018. Wani ya ce "daskarar da bashi", wallahi sai na ga ƙanƙara a firji. Garƙamewa kowa ya san da makulli, kuma mai makulli yana buɗewa in ya so. Baba yana cikin hankalinsa, shi ya amsa tambayoyin. Wanda mantuwa ta kama kuwa, sai ɗansa ya nuna takardar wakilci.

9. Da na koma na ce, "Baba, ɓaraka aka samu a wurin ajiyarsu," bai nemi ƙarin bayani ba. Cewa ya yi, "Su suka yi sake ke nan."

10. Saura ɗaya. Ƙarar da lauya ke shigarwa a madadin dubban mutane lokaci guda, ƙarar gayya za mu ce ko ƙarar taron dangi? Ni na fi karkata ga gayya, don taron dangi kamar an zalunci kamfanin ne.