Wai ciwon zuciya na maza ne?

Kawu (Garwa): Salamu alaikum jama'ar gida. Yanzu na dawo daga gaisuwar matar maƙwabcinmu, Allah ya jiƙanta. A wurin na ji wani yaro yana cewa wai zuciyarta ce ta buga. Ni dai ban yarda ba. Ciwon zuciya na maza ne. Mu ke kwana da lissafin buhun dawa da kuɗin makaranta da na haya. Mace tana zaune a gida, me zai buga mata zuciya in ba kishi ba?

Goggo (Garwa): Amin. To Yaya, tunda a zaune muke, gobe ka zo ka karɓi murhun daga asuba zuwa isha'i, mu gani.

Anti Ungozoma (Marwa): Allah ya jiƙanta. Kawu, ka yi mini haƙuri, yau sai na ja da kai. A duniya gaba ɗaya babu abin da ke kashe mata kamar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Rahoton da mujallar likitoci ta Lancet ta fitar a 2021 ya ce kashi 35 cikin ɗari na matan da ke mutuwa kowace shekara, wannan ne sanadinsu. Ya fi sankarar mama nesa ba kusa ba.

Kawu (Garwa): To me ya sa duk wanda na sani ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa namiji ne?

Ɗan Auta (ɗalibin likitanci): Kawu, akwai ƙamshin gaskiya a maganarka. Irin bugun zuciyar da jijiya ke toshewa yakan riga zuwa wa namiji da kamar shekara 7 zuwa 10, domin sinadarin jikin mace yana ɗan kare ta kafin al'ada ta ɗauke. Tana ɗaukewa, kariyar ta fara janyewa. Kuma namiji a kasuwa yake faɗuwa, kowa ya gani, a ɗauke shi a guje. Mace a bakin murhu take faɗuwa, a ce jiri ne, a shafa mata ruwa a fuska.

Anti Ungozoma (Marwa): Ga kuma yadda yake zuwa. Ciwon ƙirji shi ne babbar alama ga kowa, amma mace ta fi zuwa da rakiyar wasu abubuwa: haki, tashin zuciya, zufa mai sanyi, ciwo a muƙamuƙi ko tsakanin kafaɗu, gajiyar da ba ta san dalilinta ba. Sai ta ce olsa ce ta tashi, ta aika yaro ya sayo mata maganin ƙwannafi wurin mai tebur. In ma ta je asibiti, wani lokaci mu ma'aikata mukan rubuta mata gwajin maleriya da taifot mu sallame ta. Ban cire kaina ba.

Ɗan Auta: Har a Ingila ma haka ne. Jami'ar Lids ta duba bayanan marasa lafiya a 2016, ta ga haɗarin a yi wa mace kuskuren gane ciwon a karon farko ya fi na namiji da kashi 50 cikin ɗari. Tushen abin tsoho ne. Babban gwajin asfirin don rigakafin bugun zuciya da aka yi a Amurka a shekarun 1980, likitoci maza fiye da 22,000 aka gwada, babu mace ko ɗaya. Sai a 1993 aka yi dokar da ta tilasta saka mata a binciken da gwamnatinsu ke ba wa kuɗi.

Yaya Direba (Njamena): Kai Auta, kullum Ingila, kullum Amurka. Waɗancan masu cin cuku da zama a mota ne. Matanmu suna daka, suna ɗebo ruwa. Ka kawo mana na gida.

Maman Biyu (Kusiri): Yaya, ni ce na gidan. Ba na son tuna abin, amma bari na faɗa. Bayan haihuwar tagwaye da kamar wata biyu, ƙafafuna suka kumbura har silifa ba ya shiga. In na danna yatsa a ƙwauri sai ya bar rami. Tari ba ya barina da dare. Ba na iya kwanciya miƙe, sai na jera matashi uku, daga baya ma a zaune nake barci, na jingina da bango, jariri ɗaya a cinya. Tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ni don ban gasu da kyau ba, aka ƙara wa ruwan wanka wuta. Wata ta ce iska ce, aka kawo hayaƙi. Mun je wani asibiti, mutumin bai ko ɗora mini abin sauraren ƙirji ba, ya ce gajiyar shayar da biyu ce, in ci abinci. Sai da na kasa tafiya daga ɗaki zuwa banɗaki sannan baban yara ya tsallaka da ni Njamena. Aka yi hoton zuciya, likitan ya juyo mini da allon, ya ce kin ga, ta buɗe ta yi laushi, ba ta matsa jini yadda ya kamata. Aka ba ni maganin fitsari, kwana uku na ga idon sawuna. Har yau ina shan magani, kuma an ja mini kunne kan sake ɗaukar ciki ba tare da likita ya duba ni ba.

Goggo (Garwa): Allah sarki 'yar nan. Ina cikin masu cewa a ƙara wuta. Allah ya yafe mana.

Anti Ungozoma (Marwa): Wannan shi ne raunin zuciya na jego, yana zuwa a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. Kawu, namiji bai taɓa yin sa ba. Kuma ƙasar Hausa tana cikin inda ya fi yawa a duniya. A Zariya aka fara rubuta shi sosai tun shekarun 1970, a Sakkwato kuma an lissafa kusan mace 1 cikin haihuwa 100. Abin da ke ci mini rai shi ne, takardar cek sante da mai ciki ke saya sefa jaka shida a yankunanmu uku na arewacin Kamaru tana ɗaukar nauyinta zuwa kwana 42 bayan haihuwa. Abu ne mai kyau ƙwarai. Amma wannan ciwon yakan fito bayan an yi arba'in, an watse, mai jego ta koma ɗakinta, babu mai sake auna ta.

Kawu (Garwa): To ai kun dawo kan maganata ta wata hanya. Ku ne da kunun kanwarku da wankan darbejiya kuke jawo wa kanku.

Goggo (Garwa): A'a Yaya, kar ka taɓa mana kunu. Da shi Inna ta yi jegonka, ga ka nan kana musu.

Ɗan Auta: Nan kam ko likitoci ba su gama daidaitawa ba. Na Zariya na farko sun ɗora laifin kan kanwa da ruwan zafi da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya ya fi nuna talauci, rama, hawan jinin ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki. Amma Goggo, kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki. Wadda ƙafarta ta kumbura ko jininta ya hau, kunun kanwa ƙarin kaya ne a kan jakin da ya riga ya durƙusa.

Anti Ungozoma (Marwa): Kuma wadda ta yi hawan jinin ciki ko jijjiga, ko ta warke sarai, haɗarin ciwon zuciya a gaba ya kusa ninki biyu a kanta. Ya kamata ta riƙa auna tansiyo, wato hawan jini, duk rayuwarta. In ya kai 140 bisa 90 yana maimaitawa, magani ne, ba tafarnuwa kaɗai ba.

Yaya Direba (Njamena): Na ji, na kuma sauko kaɗan. Amma ku faɗi gaskiya, ba wariya ba ce, rashin kuɗi ne. Namiji ma in ba shi da shi haka zai mutu. Wanda ƙofar zuciyarsa ta lalace, aikin sai manyan asibitoci irin na Yawunde ko Duwala. Daga Marwa kwana nawa ne a hanya?

Maman Biyu (Kusiri): Yaya, rashin kuɗin gaskiya ne, amma wa ke riƙe da ɗan abin da ke akwai? Ranar da ƙirjinka ya soke ka a hanyar Mundu, waya kawai ka yi mana daga gadon asibiti, ba ka nemi izinin kowa ba. Ni sai da na yi sati uku ina jira a ce mini tashi mu tafi. Ba mugunta ba ce, baban yara yana ji da ni. Shi ma an gaya masa sanyi ne.

Yaya Direba (Njamena): Wannan kuma kin kama ni.

Kawu (Garwa): Ni dai har yanzu ina nan kan cewa namiji ya fi ɗaukar damuwa. Amma ita marigayiyar, yanzu da kuka faɗa, matata ta ce tun bayan Sallah take cewa bayanta na ciwo, tana haki in ta yi shara. Sun ɗauka olsa ce.

Anti Ungozoma (Marwa): Shekarunta nawa, Kawu? Tana da ciwon suga?

Kawu (Garwa): Ta haura 55. Suga kam an ce tana da shi.

Anti Ungozoma (Marwa): Allah ya jiƙanta. Suga ya fi yi wa zuciyar mace ɓarna fiye da ta namiji, kuma yakan dusashe zafin ƙirjin har mutum bai ji sosai ba. Ranar Asabar zan shigo Garwa sunan gidan Yaya Babba, zan taho da abin awo. Duk macen da ta haihu bana ko ta wuce 40 ta same ni a ɗakin Goggo kafin a fara rabon abinci.

Goggo (Garwa): Ki taho da batir na ajiya, mun fi ashirin. Yaya, kai ma ka zo da hannunka.

Kawu (Garwa): Ni lafiyata ƙalau. Amma zan turo Hajiya.