Rakiya: sunan ne ya tsufa, ko kunnena ne?

Maman Sadiƙ, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah kar a yi min dariya. Cikina ya shiga wata tara, hoton asibiti ya nuna mace ce, in Allah ya yarda. Maza biyu gare ni, wannan ce macen fari. Tun ina amarya nake da wani ɗan littafi da nake tara sunayen da suka kwanta min: Afnan, Ilham, Nusaiba, Hanan. Shekaranjiya muna cin tuwon dare Baban Sadiƙ ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "In mace ce Inna za a mayar." Inna mahaifiyarsa ce, ta rasu bara da azumi. Sunanta (Allah ya yafe min, rubutawa na yi ba faɗa ba) Rakiya.

Ban ce uffan ba, amma lomar nan da ƙyar ta wuce. Kar ku ɗauka ba na ƙaunar matar. Haihuwar Sadiƙ mahaifiyata tana kwance ba lafiya, Inna ce ta taso daga Ɗambatta ta zauna da ni har na yi arba'in. Ita ke hura wutar ruwan wanka tun kafin kiran assalatu, ita ke yanko darbejiya, ita ke dama min kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Ba abin da zan biya ta da shi.

Damuwata ita ce duk wata Rakiya da na sani ta ba hamsin baya. Akwai Iya Rakiya mai ƙosai a bakin layinmu, akwai wata ƙanwar kakata. Ban taɓa ganin jaririya mai sunan ba. Sai na riƙa hango yarinyar a aji, ana kiran Amal, ana kiran Minal, sai a ce Rakiya, yara su kwashe da dariya, wani ya ce "Rakiya zo ki yi min rakiya." Na ce masa to a sa Ruƙayya mana, ai duk ɗaya ne. Ya ce shi dai da Rakiya ya san uwarsa.

Tsakaninku da Allah, sunan nan ya tsufa ko ni ce kunnena ya lalace? Kuma akwai wadda ta sa wa 'yarta shi a 'yan shekarun nan?

Hajiya Lami, Zariya

Wa'alaikumus salam 'yata, Allah ya raba lafiya. Kin ba ni dariya duk da kin ce kar a yi. Ke da ba ki iya buɗe baki ki faɗi sunan ba sai da kika nemi gafara, yaushe za ki kira shi a tsakar gida? Ke ba za ki faɗa ba, mijinki ba zai faɗa ba, ƙannensa da yayyensa ba za su faɗa ba. Ranar suna liman zai raɗa, a shafa fatiha, a raba goro, daga nan sunan ya shige akwati. Ummi za a ce, ko Mama, ko Walida, ko Hajiya Ƙarama. Ina da jika mai sunan uwar mijin 'yata, shekararta tara, ranar da aka tambaye ta sunanta na yanka a Islamiyya sai da ta dawo gida ta tambaya.

Ni kaina Lami ba sunana ba ne, ranar Alhamis aka haife ni. A zamaninmu haka ake yi: Ladi, Talatu, Balaraba, Jummai, Asabe, wadda ta biyo bayan maza a ce Kande ko Delu. Ke ma a da, da Kande za a ce wa taki tunda maza biyu ta biyo, ki gode Allah! Hajiya Gambo Sawaba ta nan garinmu, Hajaratu ne sunanta, Gambo ta ci saboda ta biyo tagwaye. An ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba a kan siyasar NEPU, ta rasu a 2001, yau ga asibiti guda da sunanta a Zariya. Wa ya taɓa cewa sunan ya yi mata ƙauyanci? Ki juya naira ashirin ki ga Ladi Kwali tana gina tukunya.

Ki bar wa mijinki wannan. Mutumin da uwarsa ba ta cika shekara biyu a ƙasa ba, ba suna yake nema ba, so yake ya shigo gida ya ce "Ina Innata?" a amsa masa.

Asabe A., Kaduna

Hajiya ki yi haƙuri, amma ni zan faɗi ɗaya ɓangaren, don ni abin ya ci. Nawa sunan bai shiga akwati ba, da shi aka rubuta ni a makaranta, shi ne a duk takarduna. A makarantar kwana an kira ni sunan 'yar aiki, an kira ni 'yar tallan gyaɗa. A jami'a wani saurayi da ya ji sunana a waya cewa ya yi ya ɗauka zai ga tsohuwa da ƙullin goro a haɓar zani. Da wasa ya faɗa, amma yau shekara goma sha ɗaya ban manta ba. Su Ladi Kwali suna kan kuɗi, gaskiya ne, amma yarinya 'yar aji ɗaya a sakandare ba da naira ashirin take zama a ɗakin kwana ba, da yara take zama, kuma yara ba su da tausayi.

Alkunya a gida take tsayawa. Rajistar aji ba ta san Ummi ba. Don haka Maman Sadiƙ, tsoronki yana kan hanya. Sai dai ni a ganina Rakiya bai kai nawa nauyi ba, tunda yana da ƙofar fita: ta girma ta ce Ruƙayya take, ba wanda zai ƙaryata ta. Ni Asabe ina zan kai shi?

Abu Usman

'Yar uwa, ki sanar da maigidan cikin ladabi cewa ba sauya sunan mahaifiyarsa za a yi ba. Ita ma ranar da aka raɗa mata, Ruƙayyatu liman ya ce, bakin mutane ne ya mayar da shi Rakiya, kamar yadda Khadija ta koma Dije, A'isha ta koma Indo, Maryam ta koma Mairo. Ruƙayya kuwa 'yar Manzon Allah (SAW) ce da Nana Khadija. Ita ce matar Sayyidina Usman, tare suka yi hijira zuwa Habasha, ta rasu a Madina a shekara ta 2 bayan hijira lokacin da ake yaƙin Badar, jinyarta ce ma ta hana shi fita. Afnan da kike so kalma ce a Suratur Rahman, ma'anarta rassan bishiya. Ba laifi a cikinsa, amma ki auna da kanki.

Malama Hadiza, Katsina

Shekarata goma sha tara ina koyarwa a firamare, ni nake kiran suna kowace safiya, don haka bari in gaya miki abin da rajista ta koya min. Lokacin da na fara, ajina cike yake da Zainab da Maryam da Hauwa'u. Can sai Nusaiba da Sumayya da Rumaisa'u suka yi yawa. Yanzu Afnan uku gare ni a aji ɗaya, sai na haɗa da sunan uba kafin a san wadda nake nufi. Sunan yayi shi ne yake tona shekarun mutum. Nan da shekara arba'in Afnan ce za ta zama Iya Afnan mai ƙosai, jikokinmu su ce sunan tsofaffi ne. Waɗanda ban taɓa ganin sun ɓace daga rajista ba su ne Fatima, A'isha, Khadija, Maryam, kuma Ruƙayya tana nan cikinsu kusan kowace shekara. Abin da ya tsufa lafazin ne. Ki ce Dije, a hango tsohuwa. Ki ce Khadija, a hango 'yar jami'a. Mace ɗaya ce.

Sunan ya yi minista ma: Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i 'yar Jigawa ta riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga 2010 zuwa 2013.

Shawarata ta aiki ita ce ku zauna ku tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa. Na ga yarinya ɗaya da Rukayya a wannan takarda, Ruqayyah a waccan, Rakiya a katin riga-kafi. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma harafi ɗaya ya saɓa sai uba ya yi ta zirga-zirgar gyara.

Rakiatou, Damagaram

Sannunku. Ni ce amsar tambayarki, shekarata 24! A nan Nijar sunan bai tsufa ba ko kaɗan. A lakwal mu huɗu ne a aji, a takarda ana rubuta Rakia ko Rakiatou da rubutun Faransanci, kamar yadda ake rubuta Haoua da Zeinabou. Sai da na zo biki Kano wata ta ce min wai sunan kakarta gare ni. Na ce to ki gaishe ta, takwarata ce.

Maman Sadiƙ, Kano

Na dawo da albishir. Na sauka lafiya ranar Talata da asuba, mace, jiya aka yi suna. Na gode muku duka, musamman Asabe, don maganarki ce ta ba ni ƙarfin sake tayar da zancen. Ban yi gardama ba. Na bari sai da ya ci ya ƙoshi, na karanta masa abin da Malam Abu Usman ya rubuta. Ya yi shiru, sannan ya kira yayan Inna a Ɗambatta, tsoho ne ya haura tamanin. Tsohon ya ce, "Ruƙayyatu mana, mu ne dai muka lanƙwasa shi." Shi ke nan. A takarda Rukayya muka rubuta, Malama, kuma na ɗauki hotonsa a waya don kar wani ya ƙara mana harafi.

Amma ga abin da ya faru da yamma. Mata sun cika gida, sai ga ƙanwar Inna ta shigo da sandarta, ta ce a miƙo mata jaririyar. Ta buɗe zanin, ta daɗe tana kallon fuskar, sai ta ce, "Rakiya, kin dawo?" Ta fashe da kuka, ɗakin kowa ya kama. Wallahi a bakinta sunan bai yi min kama da na mai ƙosai ba. Ni ma na yi kukan har kwallina ya zubo a kan leshin da na ci burin ɗaukar hoto da shi.

Ubanta Innata yake ce mata. Ni ina cewa Ummi. Sadiƙ ya ji tsohuwar nan, ya ɗauke rabin sunan, tun jiya Kiya yake kira, ƙanensa ma ya kama. Na hana har na gaji. Littafin sunayen nan kuwa ƙanwata ta ɗauke, ita ma watanta shida.