Wane tsuntsu ne wannan a dutsen Hada?

Takari_Jidda:
Salamu alaikum 'yan uwa. Juma'ar nan mun hau Ɗa'if da yara shan iska, a Hada muka tsaya wajen duwatsu sai ga wani ɗan tsuntsu launin toka, wutsiya baƙa ƙirin, bai fi gwara girma ba. Yana sauka kan dutse sai ya baje wutsiyar kamar mafici ya saki fukafukai, ya diro ƙasa ya cafke ƙwaro ya koma. Yara sun watsa masa biskit ko kallo bai yi ba, birai ne suka wawashe. Wa ya san shi?

Baban Walid:
Wa alaikumussalam. Ai ba zai ci ba, shi ƙwari yake ci, tururuwa, fara ƙanana, tsutsa. Turawa blackstart suke ce masa saboda wutsiyar nan, tsawonsa wajen santimita 14 ne. A tsagar dutse yake sheƙa kuma abin da ya fi burge ni, sai ka ga an jera ƙananan tsakuwa a bakin ramin kamar an yi daɓe, ƙwai 3 ko 4 shuɗi-shuɗi masu ɗigo.

Hajiya_Sharafiyya:
Ikon Allah, tsuntsu da gyaran ƙofar gida 😂

Ɗan Agadas:
Yaya ai har wajenmu akwai shi a duwatsun Azbin, ba ya ƙaura, duk zafi yana nan. In kun koma ku je da sassafe ku zauna shiru kusa da ƙaya, ba shi da tsoro sosai, da kansa zai matso.